Aska da Reza a Birnin Katsina

Duk wanda ya taɓa zama bisa tabarma ya miƙa wa wanzami kansa ya san ba ƙaramar amana ya bayar ba, domin kuwa ya ajiye maƙogwaronsa ne ƙarƙashin ƙarfe mai kaifi da ke hannun wani. Abin da za a duba a wannan lacca shi ne tarihin wannan ƙarfe, watau yadda aska ta gamu da reza a birnin Katsina, da dalilin da ya hana wani irin abin aski na Turawa samun gindin zama a nan, alhali kuwa cikin dukan ire-irensu shi ya fi kusa da askar wanzami. Wannan kuwa ita ce aska mai shinge mai baki ɗaya, wadda ta yi tashe a Amurka da Ingila fiye da shekara hamsin.

Ya kamata a fara da wanzamin kansa. A ƙasar Hausa wanzanci sana'a ce ta gado, kuma aski ɓangare ne kawai daga cikinta. Wanzami shi ke cire wa jariri belu, shi ke yi masa askin suna ran kwana bakwai, shi ke yin tsagar gado a zamanin da ake yinta, shi ke yi wa yara kaciya lokacin sanyi, shi ke kafa ƙaho in jini ya yi wa mutum yawa. Kowane gida na mutunci yana da wanzaminsa, wanda ubansa ya yi wa uban maigidan aski, kuma masu sana'ar suna da shugabansu, Sarkin Aska. A cikin zabirarsa akwai asake iri iri, kowace da aikinta, da dutsen washi, da guntuwar fata ta goge baki. Maƙerin gari ke ƙera askar, wanzami ke raya ta. In ta dushe ya ɗora ta bisa dutse, in ta yi ƙaiƙayi ya ja ta bisa fata ko tafin hannunsa, har ta shekara da shekaru tana aiki, tana ramewa a hankali.

Kada a zaci ƙarfen Turai baƙo ne ga wanzamanmu kafin zuwan mulkin Turawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon shekarar 1851 kafin ya wuce Kano, ya kuma sake biyowa ta nan a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tambutu. Cikin kayan da ya lissafa waɗanda fatake ke ƙetarowa da su Sahara zuwa kasuwar Kano akwai allurai daga Nuremberg, da ruwan takubba daga Solingen, da asake daga yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya. Ya ce asaken ba na kirki ba ne, ƙotarsu ta baƙin itace ce marar ƙwari, amma mutanen ƙasa sun iya wasa su ƙwarai, suna kuma ƙarfafa ƙotar da jan ƙarfe. A riƙe wannan magana, domin za a sake gamuwa da irinta a gaba: Bahaushe ya karɓi ƙarfen, ya gyara shi daidai da hannunsa.

A can Turai da Amurka kuwa matsalar daban ce. Mutum yana so ya aske fuskarsa da kansa kowace safiya, ba tare da ya je wurin mai aski ko ya yanke kansa ba. Wani maƙerin wuƙaƙe na Faransa, Jean-Jacques Perret, ya gwada sa wa aska kariyar itace tun a shekarun 1760, amma abin bai zama kayan kasuwa ba sai a 1880, sa'ad da wasu 'yan'uwa Jamusawa mazauna Niyok, 'yan gidan Kampfe, suka yi rajistar abin askinsu da aka sani da suna Star. Siffarsa kamar 'yar ƙaramar fartanya ce. An yanko guntun aska mai kauri, an dasa shi gicciye a kan ƙota, an sa masa shinge mai haƙora kamar na matsefi, yadda bakin zai taɓa gashi amma ba zai nutse cikin fata ba. Sai dai guntun nan aska ne sosai, dole a cire shi a wasa, a goga bisa fata, kamar dai yadda wanzami ke yi. Watau an rage haɗarin yanka, ba a rage wahalar washi ba.

Daga gidan Kampfe wani ma'aikacinsu, Jerry Reichard, ya fita ya kafa kamfanin Gem a 1898, daga baya kuma aka sami Ever-Ready, har dukansu uku suka haɗu ƙarƙashin kamfani guda a 1919. Waɗannan su suka bar guntun aska mai kauri suka koma ga reza mai baki ɗaya, wadda aka naɗa wa wani ƙarfe a gadon bayanta don ta yi tauri. Kaurinta ya kai ninki biyu na rezar da ake sayarwa a tebur yau, saboda haka ba ta lanƙwasa ba ta rawa in ta gamu da gashi mai ƙarfi. Samfurin Gem na 1912 shi ne ya fi sauƙi: murfi ne ake ɗagawa da ɗan yatsa, a sa reza, a mayar. Na 1930, mai suna Micromatic, a gindin ƙota ake murɗawa murfin ya buɗe da kansa, amma yana bukatar reza mai 'yan tsaga a gefe, wadda aka yi dominsa. Mai amfani da su yakan kwantar da kan abin kusan daidai da kunci, ba ya dannawa, kuma wannan ita ce kwanciyar da wanzami ke yi wa askarsa.

Wasu kuma suka ce a bar mutum ya ci gaba da washi, amma a sauƙaƙa masa. Valet AutoStrop na Henry Gaisman an yi shi ne yadda za a zura ɗamarar fata ta cikin kansa, a ja gaba a ja baya, rezar tana juyawa da kanta tana goge baki. Rolls Razor, wanda aka riƙa ƙerawa a Landan daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa shekarun 1950, ya wuce nan. Akwatin ƙarfe ne, murfinsa guda dutsen washi ne, ɗayan kuma fata, askar tana ciki a kan wani hannu da ake turawa tana kaɗawa da ƙara. In da za a nuna wa wanzamin Ƙofar Soro wannan akwati, da nan take zai gane shi, domin zabira ce aka mayar ta ƙarfe. Cikin dukansu babu wanda ya kai shi ƙarko da kyan ƙira, babu kuma wanda ya kai shi tsada da nauyi. Shi kuwa Jacob Schick, tsohon hafsan sojan Amurka, daga bindigar soja mai ɗurin harsasai a jere ya ɗauko dabarar abin askin da ya fitar a 1926: siraran rezoji ne jere cikin ƙota, sabuwa ta turo tsohuwa waje ba tare da yatsa ya taɓa kaifi ba.

Duk waɗannan kyawawan ƙarafa wani abu mai arha ne ya ci kasuwarsu. King Camp Gillette ya yi tunanin reza siririya mai baki biyu wadda ba a wasawa, in ta dushe a jefar a sayi wata. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kaɗai ya sayar. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatin Amurka ta saya wa sojojinta mariƙi wajen miliyan uku da rabi, samari suka koma gida da al'adar a hannu. Rajistarsa ta 1904 ta ƙare a 1921, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila, kuma shekarar da aka kafa Kwalejin Katsina. Daga nan masana'antu a ƙasashe da dama suka shiga buga reza mai baki biyu, a ƙarshe ta zama kusan siffa guda, ta kowane kamfani tana shiga mariƙin kowane. Gem da Valet da Schick kuwa kowanne sai rezarsa.

Nan ne dalili na farko yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma bai taɓa Katsina ba a zamanin Turawa, sai kaya su sauka Kano ko Funtuwa a ƙaraso da su. Ɗan koli da ke kasa haja a kasuwa ba zai ɗaure jarinsa a kan rezar da mutum ɗaya cikin dubu ke da mariƙinta ba. Wanda ya sayo Valet a tafiya, ran da rezarsa ta ƙare ya zama mai doki ba linzami. Abin da ya cika tebura shi ne irin su Nacet mai hoton kada, da Tiger, ana sayar da su ɗai ɗai cikin 'yar takarda.

Dalili na biyu ya fi zurfi, domin ya shafi abin da ake askewa. An ƙera aska mai shinge ne don kunci da haɓa, wuraren da mutum ke gani a madubi. Bakatsine kuwa gemunsa abin girmamawa ne, malamai ma sun hore shi da barinsa, abin da yake bukata shi ne a aske masa kai ƙwal don hula da rawani su zauna, a yi masa gyaran fuska, a fitar da saje da gefen gemu a kan layi. Ba wanda ke aske ƙeyarsa da kansa, kuma shingen nan da ke hana yanka shi ne ke ɓoye bakin ƙarfe, ya hana a ja layi tsaf. Masu aske haɓa kullum 'yan kaɗan ne, sojoji da 'yan sanda da wasu cikin ma'aikata da 'yan makaranta, su ma da yawansu sun sha fama da ƙurajen aski, domin murɗaɗɗen gashi in an yanke shi ƙasa ƙwarai yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Ga shi kuma wanzami yana zuwa har zaure, ya kawo labarin gari, kuma shi za a nema ran suna. Wa zai kori wannan saboda guntun ƙarfe?

Saboda haka reza ta shigo Katsina tsirara, ba mariƙi ba shinge. Aka sa ta yankan farce, da feƙe fensir, da farke ɗinki a wurin tela, ungozoma ta yanke cibiya da ita. Mai son aski da ita kuwa sai ya karya ta biyu tun tana cikin takardarta, ya riƙe rabi da yatsu ko ya soke shi a ƙota. Bakin nan biyu da Gillette ya sha wahalar ƙirƙirowa, hannun Bahaushe ya mayar da shi ɗaya, kamar yadda kakanninsa suka yi wa asaken Sitiriya kwaskwarima.

Abin da ya girgiza askar gado daga baya cuta ce. A 1986 aka ba da sanarwar samun ƙanjamau a Nijeriya, likitoci kuma suka yi ta faɗakarwa cewa wannan cuta da ciwon hanta suna bin jini, ƙarfen da ya yanki wani kuma yana iya kai su ga na bayansa. Goga aska bisa fata ba ya kashe ƙwayar cuta, kurkure ta a ruwan kasko ma haka. Nan fa babbar darajar aska, watau daɗewarta a hannu tana bin kawuna ɗari, ta koma abin tsoro, aibin reza kuma, cewa ba ta ƙarko, ya zama shi ne amfaninta. Samari suka koma shagunan masu injin aski na lantarki. Dattawa da yawa ba su bar wanzamansu ba, sai dai wani ya sayi askarsa ya ajiye a gida, wani ya riƙa zuwa da sabuwar reza a aljihu. Wanzamai da dama su ma suka ɗauki wata ƙota mai naɗewa, siffar aska sak, wadda ake zura wa rabin reza, a ɓare takardar a gaban mai aski, in an gama a cire a jefar. Dutsen washi yana nan cikin zabira, amma aikinsa ya ragu ƙwarai.