Kalmar Ribaɗi: Asalinta da Ma'anarta a Daular Sakkwato

Kafin jihadin 1804 Hausawa suna da kalmomi da dama na wuraren tsaro. Birni shi ne gari mai ganuwa, kafi shingen itatuwa ne, sansani kuwa masaukin mayaƙa ne na ɗan lokaci. Ribaɗi ya sha bamban da waɗannan duka, domin ba siffar gini yake nufi ba, manufar zama a wurin yake nufi.

Kalmar ta Larabci ce, daga tushen da ke nufin ɗaurewa. Harafin ɗamisa-hannu da ke ƙarshenta shi ne ya zama ɗ a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru ga sharaɗi da ɗalibi. A Suratul Anfali, aya ta 60, an yi amfani da ita ga dawakin da aka ɗaure cikin shirin yaƙi. Daga nan ma'anarta ta koma zaman dako a bakin iyaka, sannan ta koma sunan wurin da ake yin zaman. A Tunisiya har yanzu ana ganin ribaɗin Munastir na shekarar 796 da na Susa na 821. Daga wannan tushe ne kuma aka sami sunan Murabiɗun da na Rabat, hedkwatar Maroko.

A ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837) shi ne ya mayar da ribaɗi tsarin mulki. Gobirawa da Kabawa ba su daina kawo hari ba, rundunar jihadi kuma takan watse da damina. Saboda haka ya kafa garuruwa a kan iyaka, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, ya zaunar da Fulani makiyaya su yi noma da karatu, su tsare ƙasa. Shi da kansa ya koma Wurno, can ya rasu, can aka binne shi.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai aikin tsaron iyaka ya fita daga hannun sarakuna, ribaɗi ya zama gari kamar kowane. Don haka wanda ya fassara kalmar da "birni" ya ɓatar da rabin ma'anarta. Mazaunin birni ganuwa ke tsaronsa, amma mai zaman ribaɗi shi ne ke tsaron jama'a, yana kuma ɗaukar zaman nasa a matsayin ibada.