Kwana dubu na farko: abin da ya kamata kowane gida a Gure ya sani game da renon yaro

Ma'aikatan kiwon lafiya suna yawan maganar "kwana dubu na farko". Lissafin ba wuya gare shi ba: wata tara na ciki, kimanin kwana 270, a haɗa da shekara biyu bayan haihuwa, kwana 730. A cikin wannan lokaci ne jiki da ƙwaƙwalwar yaro suke girma da saurin da ba za su ƙara yin irinsa ba, kuma abin da yaro ya rasa a nan yana da wuyar ramawa daga baya. Mun tattara wannan bayani domin masu saurarenmu na Gure, Kelle, Gidigir, Bune, Gamu da Alakos, da kuma ƴan uwa da ke ci-rani a Najeriya, Libiya, Aljeriya da sauran wurare.

Abin da Nijar ta riga ta gani

A shekarar 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, kimanin 226 ba su kai shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Masu binciken da suka duba lamarin sun danganta saukin da abubuwa ƙanana: ƙananan likitocin ƙauye da aka gina tun farkon shekarun 2000, gidan sauro, sinadarin bitamin A, kula da masu tamowa, da dokar 2006 da ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati. Ke nan yawancin abin da ke ceton yaro yana kusa da gida.

Tun daga ciki

Renon yaro yana farawa tun kafin a ga fuskarsa. Mai ciki ta je awo aƙalla sau huɗu, ta fara tun watannin farko. A wurin awo ana ba ta maganin ƙarin jini, da rigakafin masassarar cizon sauro, da allurar da ke kare jariri daga ciwon dahi, wato sandarewar jiki da ke shiga ta cibiya. In lokaci ya yi, a haihu a likita. A ƙasarmu mai tudun rairayi da nisan hanya, maigida ya shirya amalanke ko mota da ɗan kuɗi tun kafin naƙuda ta tashi.

Wata shida: nono zalla

A sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato ruwan nono na farko mai kauri, ba ƙazanta ba ne. Shi ne rigakafin farko. Daga nan har wata shida, nonon uwa kaɗai: ba ruwa, ba bauri, ba madarar akuya ko ta raƙumi. Iyaye mata kan ce, "To da zafin nan na bazara fa?" Amsa ita ce mafi yawan nonon uwa ruwa ne. In ana zafi, uwa ta sha ruwa sosai, ta riƙa ba yaro mama akai-akai. Ruwan rijiya ko na tabki shi ne ƙofar zawo ga jariri.

Daga wata shida zuwa shekara biyu

Da cikar wata shida nono kaɗai ba ya isa, amma a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci abinci sau biyu zuwa uku a yini; ɗan wata 9 zuwa 23, sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Kunun hatsi tsararo yana cika ciki ne kawai. A yi shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a ƙara garin gujiya ko na wake, ɗan mai, ko madara. Zogale, kuka, kabewa, ƙwai, nama ko hanta da aka daka, da dabinon kwari da sauran kayan lambun da ake nomawa a kwarurrukan yankinmu, duk abincin yaro ne. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taro manyan yara ke cinyewa. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci da bayan an yi masa tsarki. In uwa ta samu wani ciki, ba dole ba ne a cire yaro daga nono rana ɗaya. Yayen gaggawa na cikin abubuwan da ke jefa yara a tamowa. A nemi shawara a likita, har da maganar tazarar haihuwa.

Rigakafi da karnen yaro

Ranar haihuwa: allurar tarin fuka da ɗigon shan inna. Sati 6, sati 10 da sati 14: allurar da ta haɗa cututtuka biyar, da ɗigon shan inna da sauransu. Wata 9: ƙyanda da shawara. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a cikin shekara ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa. Daga wata shida ana ba yaro bitamin A kowane wata shida, daga shekara ɗaya kuma a haɗa da maganin tsutsar ciki. A adana karnen yaro cikin leda. Makiyayan da ke tafiya da dabbobi su riƙe shi a jaka, kowace likita suka tarar za ta iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Damina da masassara

Tun 2013 Nijar ta fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara biyar maganin kariya daga masassarar cizon sauro a damina, sau ɗaya kowane wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne: ranar farko a gaban ma'aikaci, rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. In aka ajiye na kwana biyun, an rage ƙarfin kariyar. Maganin kuma bai maye gurbin gidan sauro ba.

Zawo da tamowa

In yaro na zawo, a dama fakitin gishiri da sukari na likita cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Kar a daina nono.

Tamowa ta fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, masassara kuma ta yi yawa. Uwa na iya gane ta da wuri da igiyar awon dantse, wadda ake amfani da ita daga wata shida. A nan jihar Damagaram, a Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka nuna cewa iyaye mata na iya yin awon da kansu. Tsanwa, lafiya lau. Rawaya, tsakanin milimita 115 da 125, a je likita. Ja, ƙasa da 115, a je yau. A kuma danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In ramin ya tsaya, kumburin tamowa ne.

Yaron da ke iya cin abinci ana kula da shi a sashen CRENAS na CSI, a ba shi abincin gujiya na leda da ake kira biskit. Magani ne na yaro ɗaya, ba na rabawa ƴan uwansa ko kai wa kasuwa ba. Wanda ya kasa ci ko yake da wani ciwo, ana kwantar da shi a CRENI na babbar likita.

Alamomin da ba a kwana da su

Yaro ya ƙi mama ko ya kasa sha, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi na sauri ko awazu na faɗawa ciki, jini a kashi, zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata biyu ba. Ko ɗaya aka gani, a kama hanyar likita. Cire beli ko tsaga wajen wanzami ba ya maganin waɗannan, sai dai ya jawo zubar jini da wata cutar.

Wasa da hira ma reno ne

Ƙwaƙwalwa ma tana da nata abincin. Ku yi wa jariri magana tun ranar farko, ku dube shi ido da ido, in ya yi gwalantu ku amsa masa. Ku riƙa faɗa masa sunan abin da yake gani: akuya, ƙwarya, wata. Da Hausa, Barbarci, Fulatanci, Tubanci ko Buzanci, duk ɗaya ne. Jin harshe biyu a gida ba ya rikita yaro. Kayan wasa ba sai na kanti ba: ƙoƙo da ludayi sun isa, in dai babu ƙaramin abin da zai haɗiye. Tatsuniyar kaka da ɗaukar baba duk suna cikin lissafi.

Yawancin yara na murmushi wajen wata biyu, su zauna da kansu kafin wata tara, su yi tafiya kafin wata 18. Kowane yaro da saurinsa, amma in an wuce waɗannan lokuta, ko yaro ba ya waiwayar ƙara, a nuna shi ga ma'aikacin lafiya.

Ga ƴan uwa na nesa

In kun kira gida, bayan gaisuwa ku tambayi abu uku: yaushe aka yi allurar ƙarshe, wane launi igiyar awo ta nuna, kuma me yaro ya ci jiya. In za ku yi aike, ku ware wani abu da sunan wake, gujiya, sabulu da kuɗin motar zuwa likita. Allah ya raya mana su, ya ba iyaye ikon kula da amana.