Littafin da ya kai shekara 900, da faifan da ya gagara a shekara 15

Tarihinmu na yau daga Ingila muka ɗauko shi, amma duk wanda ya taɓa buɗe tsohon akwati ya tarar da disket ko kaset ɗin bidiyon biki, ya rasa na'urar da zai sa shi, zai gane zancen tun kafin mu yi nisa.

A shekarar 1086, Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara 20 kafin nan, ya aika mutanensa su zaga ƙasar su ƙidaya masa dukiyarta: wa ke da wace gona, garma nawa, dabbobi nawa, haraji nawa za a iya samu. Aka rubuta da tawada a kan jemammiyar fata. Littafin shi ne ake kira Domesday. Yana nan har gobe a gidan ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, a Landan, kuma wanda ya iya Latin ɗin wancan zamani zai buɗe ya karanta abinsa.

Da littafin ya kusa cika shekara 900, sai BBC ta ce bari a yi sabon Domesday na zamani. Aka yanka taswirar Birtaniya gida-gida, kowane yanki kilomita 4 a kwance, 3 a tsaye, aka raba wa makarantu wajen 9,000. Kowace makaranta ta rubuta labarin yankinta, ta haɗa da hoto uku. Mutum sama da miliyan 1 suka sa hannu, akasarinsu 'yan lekkol. Yara sun rubuta abin da suke ci, wasan da suke yi, aikin iyayensu, shagon bakin hanya, abin da ke ba su tsoro. Irin zancen da manyan littattafan tarihi ba su damu da shi ba ke nan, kuma a ganinmu shi ne ainihin darajar aikin.

A 1986 aka fitar da shi a kan faifai biyu irin wanda ake kira LaserDisc, mai faɗin faifan garmaho, mai sheƙi kamar sidi. To ga inda gizo ke saƙar: faifan ba ya karantuwa sai da wata na'ura ta musamman ta kamfanin Philips, haɗe da kwamfutar BBC Master ta kamfanin Acorn wadda aka yi wa ƙari. Kuɗin kayan ya kusa fam 5,000. Makarantun da suka yi wahalar rubutun ma, yawancinsu ba su iya saye ba. Ba a jima ba sidi ya mamaye kasuwa, aka daina ƙera na'urar, waɗanda ke hannun mutane suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris na 2002 jaridar Observer ta buga labarin cewa sabon Domesday shekara 15 kawai ya yi.

Abin lura, bayanan ba su goge ba. Suna nan daram a kan faifan. Mai karanta su ne ya ɓace. Kuma faifan ba abu ɗaya ya ƙunsa ba: hotunan an ajiye su ne a matsayin bidiyo irin na tsohuwar talabijin, kowane hoto gurbi guda, rubutun da alƙaluman kuma a harshen kwamfuta suke, sannan manhajar da ke haɗa su, wadda ta san cewa wannan hoton na wancan ƙauyen ne, an rubuta ta da wani tsohon yaren kwamfuta mai suna BCPL, don waccan kwamfutar. Ko ka kwafo komai, in ba manhajar, tarin tsaba ne ba buhu.

Ta hanyoyi dabam-dabam aka ceto shi, kuma ba wadda ta isa ita kaɗai. Masana daga jami'ar Lids a Ingila da ta Mishigan a Amurka, a wani shiri mai suna CAMiLEON, sun samo na'urar da ke da sauran numfashi, suka zuƙo abin da ke cikin faifan, sannan suka rubuta manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar. A ƙarshen 2002 suka nuna yana aiki. Shi kuwa Andy Finney, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya aikin tun farko, sai ya koma wa kaset-kaset ɗin asali waɗanda daga gare su aka buga faifan, aka juye su zuwa tsarin zamani a 2003. Da an zubar da waɗannan kaset ɗin lokacin sharar sito, da hotunan ba su fito da kyau haka ba.

Akwai kuma wani injiniya, Adrian Pearce, wanda ya zauna ya warware yadda aka jera bayanan faifan jama'a, ya yi sabuwar manhaja, har aka sa ta a intanet a 2004. Da Allah ya yi masa rasuwa a 2008, shafin ya rufe. Kun ji fa: abin da aka ceto ya sake ɓacewa daga idon jama'a cikin shekara huɗu, don ya rataya a wuyan mutum guda. Sai a 2011 BBC ta dawo da rubuce-rubucen yaran a intanet da sunan Domesday Reloaded, mutanen da suka manyanta suka riƙa neman abin da suka rubuta suna 'yan shekara goma. Faifai na biyun kuwa, mai alƙaluman ƙasa da hotunan ƙwararru, abin da ya fi tare masa hanya ba na'ura ba ce, haƙƙin mallaka ne: masu hotunan suna da yawa, kuma izinin da suka bayar tun farko na faifan ne.

Me ya kawo mu nan? A Yamai, cibiyar IRSH tana riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda malami zai buɗe yau ya karanta. Amma muryoyin tsofaffi da makaɗa da aka ɗauka a kaset, a CELHTO da gidajen rediyo, da wa'azin malamai da ke cikin kwali a gidajenmu, da takardun da ma'aikatu suka buga a disket, duk halinsu ɗaya da faifan BBC. Sony ta daina yin disket a 2011. Funai, kamfanin ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo ta VHS, ya tsaya a 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu ajiyar sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa na'urorin kunna kaset da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, suka ambaci 2025. Ga kuma zafi da ƙurar ƙasarmu, waɗanda ba su raga wa kaset.

Ƙaramin disket dai har yanzu da sauƙi, akwai na'urar karanta shi mai shiga ta USB, sai dai wani lokaci fayil ɗin zai fito ya ƙi buɗuwa don manhajar da ta rubuta shi ta tsufa. In haka ta faru, a kwafe shi yadda yake, kar a goge, kar a yarda kwamfuta ta ce za ta "gyara" disket ɗin. Kaset kuwa a nisanta shi da rana da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta. Wanda ya yi fumfuna ko ya manne, kar a tura shi cikin na'ura da ƙarfi, zaren zai tsinke. Mai tsohuwar rediyon kaset ko bidiyo da ke aiki kuma, don Allah ya dakata kafin ya miƙa wa masu sayen ƙarafa.