Alƙalawa: Birnin da Ya Koma Kufai

Jama'a, in ka wuce Wurno da Goronyo ka shiga ƙasar Sabon Birni, akwai wani kufai kusa da gulbin Rima da ake kira Alƙalawa. Yau daji ne da gonaki, amma a da nan ne fadar Gobir.

Gobirawa baƙi suka zo wurin. Daga arewa suka gangaro a ƙarni na 18, Sarkin Zamfara ya ba su izinin zama. Ana cewa gonar alƙalin Zamfara ce, shi ya sa sunan ya bi ta. Ga fadama, ga ruwa, ga kiwo, nan da nan baƙo ya yi ƙarfi. Wajajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birni. Zamanin Bawa Jan Gwarzo kuwa, ambaton sunanta kaɗai ya isa.

Sai jihadi ya zo. A 1804 Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza a Tafkin Kwatto. A Oktoban 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya rasu a yaƙin.

To amma birane nawa aka ci da yaƙi suka sake tashi? Abin da ya kashe Alƙalawa shi ne mutanenta sun watse ba su dawo ba. Mulki ya koma Sakkwato, sannan Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837. Gobirawa suka yi sabon zama a Tsibiri ta ƙasar Nijar, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Kasuwa ta bi jama'a, ganuwa ta zube.

Ga abin da ke ba ni tsoro. A 2018 mutanen Tabanni ta Rabah suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. Ƙauyuka nawa ne yanzu ba kowa sai kango? Yaron da ya tashi a sansani, ina zai san iyakar gonar ubansa?

Duk damina ɗaya da ta wuce ba a koma ba, komawar ƙara wuya take. Don Allah mu riƙa tambayar shugabanninmu: yaushe mutanen nan za su koma gida?

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.