Turke, Shela da Ɗawisun Maƙwabci a Ƙasar Fagam

Tun kafin a san ɗawisu a gidajen masu hali na kudancin Jigawa, mutanen Fagam da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu sun daɗe da sanin cewa ba abin da ke saurin ɓata tsakanin maƙwabta kamar dabbar da aka sake ta faɗa wa abin wani, saboda haka suka gaji wata ƙa'ida wadda rabinta al'ada ce rabinta fiƙihu, wadda kuwa ta riƙe zumuncinsu zamani mai tsawo. Ƙasar nan a da tana cikin masarautar Kano, a gefenta na kudu maso gabas inda ta yi iyaka da Bauchi, ta kuma sha wuyar hare-haren Ningawa bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa wajen shekarar 1846 suka kafu cikin duwatsun Ningi; da yake kuwa tsoro kan tara mutane wuri guda, sai gida ya matsu da gida, gona ta kusanci ganuwa, har ya zama tilas a san yadda akuya da shuka za su zauna a gari ɗaya.

Al'adar kuwa ita ce, da zarar ruwan shuka ya sauka, sai dagaci ya sa sanƙira ya zaga lungu-lungu da magariba yana shela, cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda kuwa ya ƙi ji kada ya yi kuka da kowa. Daga ranar nan awaki da tumaki sai turke, yara su riƙa fita da lauje suna yanko musu ciyawa, shanu su bi burtali tsakanin shinge da shinge zuwa makiyaya, kaji da zabi kuma a tsare su a akurki har iri ya tsiro, gama zabuwa idan ta sami gonar da aka shuka jiya, rami-rami take bi tana tone ƙwaya. Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, aka cire gyaɗa, aka ɗaura harawa a kan itace, sai a sake su duka su ci ragowar karmami, su bar wa mai gona taki. Abin da ya sa wannan doka ta zauna ba tare da bulala ba shi ne, kusan kowane magidanci yana da gona yana kuma da akuya, wanda aka yi wa ɓarna bana ya san watakila baɗi shi za a kai ƙara.

Idan aka yi ɓarnar, mai gona ba ya dukan dabba, balle ya karya ta. Kama ta yake yi ya ja ta zuwa ƙofar mai unguwa a ɗaure, har mai ita ya zo nema. Sa'an nan a tashi dattawa biyu ko uku waɗanda suka san noma, su shiga gonar suna bin kunya-kunya, suna duba sawu, suna ƙidaya gindin da aka cinye, su rarrabe wanda zai farfaɗo da wanda ya mutu, su yanka abin da za a biya. Sau da yawa kuwa bayan an yanka, mai dabba ya ba da haƙuri a gaban jama'a, sai mai gona ya ce, "Na yafe, Malam, amma a kiyaye gaba." Abin da ya gagari mai unguwa shi ke zuwa ga dagaci, daga nan hakimi, sa'an nan alƙali.

Malamai kuwa ba su bar wannan babi ga ra'ayin dattawa kaɗai ba. Asalinsa yana cikin Suratul Anbiya'i, inda aka ambaci hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, game da shukar da tumakin wasu mutane suka ci da dare. Yana kuma cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib wadda ta shiga lambun wani mutum ta yi ta'adi, aka hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan mai shi, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai ita ke ɗaukar lamuninsa. A kan haka Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya tafi cikin Risala, littafin da duk almajirin zaure a ƙasar Hausa ya sha biya shi. Muhtasar na Shaihu Halilu kuma ya ƙara da cewa mai dabba zai biya ko da ɓarnar ta fi kuɗin dabbar, shukar da ba ta nuna ba kuwa a ƙimanta ta tsakanin fatan ta yi da tsoron ta lalace.

Amma da aka zo kan abu mai fiffike, sai manyan mazhaba suka saɓa, saɓanin nan kuwa shi ne ya fi shafar maganarmu. Ibnul Ƙasim da Asbagu na Masar suka ce tattabaru da kaji da ƙudan zuma hukuncinsu ɗaya da sauran dabbobi, ba a hana mutum kiwonsu, masu gona ne za su tsare abinsu. Muɗarrif na Madina, ɗan 'yar'uwar Malik, ya ce a'a, a hana shi matuƙar suna cutar da jama'a, domin akuya ana iya yi mata shinge, abin da ke tashi sama kuwa ba dabarar da za ta tare shi. Ibnu Habib na Andalus ya zaɓi wannan ƙauli.

Zamani ya juya sau da dama bayan haka. Turawa suka ci Kano a 1903, suka bar alƙalai a ƙarƙashin En'e; a 1968 aka karɓe kotunan daga hannun sarakuna; a 1991 aka yanke jihar Jigawa, ƙasar Gwaram da Birnin Kudu suka kasance cikin masarautar Dutse; a 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Duk wannan bai taɓa shelar damina ba.

Ɗawisu shi ne baƙon da ƙa'idar ba ta yi shirinsa ba. Tsuntsu ne na ƙasar Indiya da Siri Lanka, ba a kiwonsa a nan don nama ko ƙwai, sai don ado da nuna wadata, kuma lalle duk wanda ya ga namijin ya buɗe jelarsa da hantsi ba zai rasa yin tasbihi ba. Sai dai wannan jela mai tsawo ba ta hana shi tashi: yakan haye katanga da rufin kwano, ya kwana a bisa itace mafi tsawo a unguwa, ya yi ta ƙwala kuka mai kaifi cikin tsakar dare da gabanin asuba, musamman lokacin barbara. Da gari ya waye sai ya diro tsakar gidan da ba nasa ba, ya sami matar gida ta baza shanyar gero ko kuɓewa a kan tabarma, ya tattake, ya ci, ya bar kashi. Ya gangara fadama ya tsattsage renon tattasai da tumatir. Idan ya ga inuwarsa a jikin mota ya ɗauka abokin gaba ne ya yi ta sara. Yana kuma da tsawon rai, yakan wuce shekara 15, saboda haka cewa a yi haƙuri da shi ba maganar damina ɗaya ba ce.

Mafi nauyi daga wannan duka, mai ɗawisu galibi mutum ne da ake jin nauyinsa, maƙwabcinsa kuwa talaka wanda ba shi da ɗawisun da zai taɓa shiga gidan Alhaji, watau ramuwar nan da ta sa ake yafe wa juna ta ɓace, sai kunya ta rufe bakin wanda aka cuta, a ɗauki shirunsa a matsayin yarda. A ganina ƙaulin Muɗarrif shi ne daidai a nan, domin matar da ke shanya ba ta da hanyar rufe sama, alhali mai tsuntsu yana da ikon rage masa gashin fiffike ɗaya, ko ya kewaye masa fili da waya mai rufi, ko ya mai da shi gidan gonarsa bayan gari. Haƙƙin liman da mai unguwa ne su faɗa masa haka tun maƙwabcin bai buɗe baki ba, su kuma sa sunan ɗawisu cikin shela tare da akuya da zabuwa. Shi kuma wanda aka dama, kada fushi ya kai shi ga zuba hatsi mai guba ko ɗana tarko, gama tsuntsun dukiyar wani ce, wanda ya halaka shi alƙali zai ɗora masa biyan ƙimarsa, kuma gubar da aka watsa a tsakar gida kajinsa za ta fara ci kafin ta kai ga ɗawisu.