Akwatin Gidan Waya: Makulli Ɗaya, Unguwa Guda

Kafin zuwan Turawa, wasiƙa a ƙasar Hausa daga hannu take tafiya zuwa hannu. Sarkin Kano zai sa magatakarda ya rubuta da Larabci, a buga hatimi, manzo ya hau doki ya kai wa Waziri a Sakkwato. Talaka kuwa fatake yake ba sallahu, su isar masa Gwanja ko Agadas da baki.

Akwatin jefa wasiƙa a bakin titi daga Turai ya fito. An gwada shi a Faris a 1653, bai yi ƙarko ba. Kan sarki ne ya raya shi: daga 1840 a Ingila mai aikawa ke biya tun a gida ya manna, don haka ba sai ya tsaya gaban ma'aikaci ba. A 1852 aka kakkafa akwatunan ƙarfe a tsibirin Jersey bisa shawarar Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya da ya yi suna wajen rubuta littattafai. A shekarar ce kuma aka buɗe ofishin wasiƙu na farko a Legas. Lakwaja ta samu nata a 1899, kuma da yake a gini ɗaya ake karɓar wasiƙa da buga wayar tangaraho, sai Bahaushe ya kira wurin gidan waya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1936 kuma jirgin sama ya fara sauke jakunkunan wasiƙu a can ta hanyar Khartum.

Amma akwatin da ya shiga rayuwarmu daban ne. A Ingila har ƙofar gida ake kai wa mutum wasiƙa. A cikin birnin Kano ko Zariya, wace ƙofa za a kai? Lunguna ba suna a rubuce, gidaje ba lamba, kwatance kuwa shi ne "bayan masallaci, kusa da mai ƙosai". Saboda haka akwatin ya yi zamansa a gidan waya: ƙananan ƙofofin ƙarfe jere a bango, kowace da lambarta, ana biyan haya duk shekara. Ma'aikatu da manyan makarantu kuma su ɗauki jaka sukutum, abin da ake rubutawa P.M.B.

Mutum nawa ne ke da kuɗin haya? Kaɗan. Sai akwati ɗaya ya zama na jama'a. Hedimasta ko wani alhaji mai kanti ke riƙe da makulli, amma unguwa duka da lambarsa take amfani. Ɗalibi mai jiran takardar shiga jami'a, matar da mijinta ya tafi ci-rani Kurmi, mai neman aiki, kowa ya rubuta "ta hannun wane". Masinja ya ɗauko a keke, a baje ambulan a kan benci, yara su rarraba. A ganina babu amanar da ta kai wannan nauyi a wancan zamani, domin wasiƙa ɗaya da ta kwana biyu a aljihu tana iya sa yaro ya rasa gurbin karatu. Sirri ma ragagge ne, tunda wanda bai iya boko ba sai an karanta masa, amsar kuma sai ya je wurin masu rubuta wasiƙa da ke zaune a ƙofar gidan waya.

Ta waɗannan akwatuna ne masu karatu suka riƙa rubuto wa Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, masu sauraro kuma suka cika Rediyon Kaduna da katunan zaɓi-sonka, suka cika Sashen Hausa na BBC da tambayoyi.

An raba hukumar gidan waya, wato P&T, a 1985, sabuwar hukumar NIPOST ta gaji wasiƙu. Wayar salula ta zo a 2001, hayar akwati ta ja baya. Yau idan matashi ya ce ya duba akwatin saƙonsa, imel ko Facebook yake nufi, shi kaɗai ya san lambar sirrinsa. Matsalar adireshi dai tana nan daram. Ka sayi kaya ta intanet, ɗan aike zai iso bakin unguwa a kan babur, ya tsaya, ya kira ka ka fito ka same shi a gidan mai.