WAV da AIFF

WAV da AIFF nau'ukan fayil ne na kwamfuta da ake adana sauti a cikinsu ba tare da an matse shi ba. Kamfanin Apple ne ya fitar da AIFF a 1988, Microsoft da IBM kuma suka fitar da WAV a 1991. Galibi dukansu suna ɗauke da sauti ne a tsarin PCM, wato ana auna igiyar sauti sau dubbai a kowace daƙiƙa ana rubuta ta da lambobi. Idan saitin ɗauka iri ɗaya ne, kunne ba zai bambance su ba.

Nauyinsu ne abin lura. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD, wato awo 44,100 a daƙiƙa da bit 16 a layi biyu, yana cin kusan megabait 10. Shi ya sa ake tura wa masu sauraro MP3 mai matse sauti, amma mawaƙi mai kishin aikinsa ya kamata ya riƙe asalin abin da ya ɗauka a WAV ko AIFF, domin abin da MP3 ta zubar ba ya dawowa.

A sitidiyo an fi karkata ga WAV, don kusan kowace manhajar haɗa sauti tana buɗe shi. A 1997 Ƙungiyar Kafafen Watsa Labarai ta Turai ta ƙara masa tsarin BWF mai riƙe lokacin ɗauka, abin da ke sauƙaƙa daidaita murya da hoto a fim, inda aka saba da awo 48,000 a daƙiƙa. Fayil ɗin WAV na asali ba ya wuce gigabait 4, sai an koma tsarin RF64.